Sauya manhajar kamfani: mene ne aikin kwansaltan, mene ne kuma ba a sakar masa?

Akanta_Mai_Tambaya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman haske daga waɗanda suka san harkar nan. A ce kamfani ne matsakaici, ma'aikata kamar 150, da sito uku, yana kan tsohuwar manhajar lissafi da ta haura shekara goma, ga kuma tarin fayilolin Excel da kowane sashe ya ƙirƙiro wa kansa don toshe inda manhajar ta gaza. An yanke shawarar komawa manhaja guda da za ta haɗa lissafi, sito, saye, sayarwa da albashi, irin wadda ake kira ERP. Sai kai ya rabu. Wasu na cewa a ɗauko kwansaltan, wato ƙwararre daga wajen kamfani, a danƙa masa komai, in ya gama a karɓa. Wasu na cewa ɓarnar kuɗi ce, sashen kwamfuta na cikin gida ya isa.

Abin da nake so in sani: takamaimai me kwansaltan yake yi a irin wannan aiki? Me ya kamata a rubuta a yarjejeniya? Sannan bayanan shekara goman nan, duka ake kwashewa? Allah Ya saka da alheri.

Malam_Rumbu:

Wa alaikumus salam, Malam Akanta. Ɓangarorin biyu kowa ya kama gefe ɗaya na gaskiya ya saki ɗayan.

Sashen kwamfuta na cikin gida ya san na'urorin kamfanin da mutanensa, amma sauya ERP abu ne da kamfani yake yi sau ɗaya a shekara goma ko sha biyar, don haka duk kuskuren da za su yi, karon farko ne suke ganinsa. Kwansaltan kuwa ya yi aikin sau da yawa, ya san inda ake tuntuɓe. Abin da bai sani ba shi ne kamfaninku: me ya sa ake ba wannan kwastoma ragi na daban, me ya sa kaya ɗaya yake da lamba biyu, wane bashi ne aka riga aka yafe amma ba a goge ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shi ya sa "a danƙa masa komai" ba ya yiwuwa ko da an so.

Fara da rarrabe su, domin kalmar kwansaltan tana ɗauke da mutum iri uku. Akwai wanda zai taimaka a zaɓi manhaja. Akwai wanda zai girka ta ya saita ta, galibi wakilin kamfanin da ya yi manhajar ne, SAP ko Oracle ko Microsoft ko Odoo. Akwai kuma wanda ake ɗauka ya tsaya a ɓangarenku yana sa ido a kan mai girkawar. Matsalar da aka fi faɗawa ita ce a haɗa na farko da na biyu. Wanda yake samun kamasho a kan lasisin wata manhaja, in ka tambaye shi wacce ta dace da kai, ka riga ka san amsa. Ka tambaye shi kai tsaye, kuma a rubuce, ko yana da kaso a lasisin da yake ba da shawara a saya.

Aikin mai girkawa kuwa ga shi. Zai zauna da kowane sashe ya bi aiki daga farko zuwa ƙarshe: daga neman a sayo kaya zuwa biyan mai kawowa, daga odar kwastoma zuwa shigar kuɗi banki. Zai ɗora wannan a kan yadda sabuwar manhajar take aiki tun asali, ya fitar da jerin inda suka dace da inda suka saɓa. Zai saita jerin asusun lissafi, haraji, sito-sito, matakan amincewa da izinin kowane ma'aikaci. Zai gina hanyar kwasar bayanai, ya haɗa manhajar da banki da sauran manhajojin da za su ci gaba da aiki, ya horar da mutane, sannan ya zauna tare da ku makonnin farko bayan an kunna.

Sai maganar bayanai, wadda ita ce ta fi cinye lokaci kuma ita aka fi rainawa. A'a, ba duka ake kwashewa ba. Kashi uku ne. Na farko bayanan tushe: kwastomomi, masu kawo kaya, jerin kaya, ma'aikata, kadarori, asusai. Na biyu abin da yake buɗe a ranar sauyi: bashin da ba a biya ba, odar da ba a kai ba, yawan kayan da ke sito, ragowar kowane asusu. Waɗannan biyun dole su ƙaura. Na uku tarihi, wato cinikin da aka rufe tuntuni. Wannan a bar shi a tsohuwar manhajar a matsayin karatu kawai, ko a fitar da shi zuwa wani rumbu da ake iya bincikawa, a ajiye gwargwadon shekarun da dokar haraji ta ƙasarku ta tanada. In ana so a riƙa kwatanta bana da bara, jimillar kowane wata na shekara ɗaya ko biyu ta wadatar. Tura kowane rasit na shekara goma cikin sabon tsari yana ninka aikin, domin tsofaffin rasit suna nuni ga kaya da asusun da babu su yanzu, sai a dinga ƙirƙiro su don kawai lodi, wato zuba bayanan cikin sabuwar manhajar, ya wuce.

Tsaftace bayanan aikinku ne. Kwansaltan zai iya fitar da rahoton cewa sunaye 400 sun yi kama da juna, amma ba shi zai ce wannan da wancan kwastoma ɗaya ne ba. Kowane rukunin bayanai a ba shi mutum ɗaya mai suna a cikin kamfani, wanda zai sa hannu cewa ya duba.

Kuma a yi hattara da Excel wajen kwasar. Yana cinye sifilin farko, lambar kaya 00451 ta koma 451. Lambar da ta wuce alƙaluma 15, kamar wasu lambobin asusu ko na kati, yana mayar da na ƙarshen sifili ba tare da gargaɗi ba. Kwanan wata 03/04 yana iya zama uku ga Afrilu ko huɗu ga Maris, gwargwadon saitin kwamfutar da aka buɗe fayil ɗin. Shafi ɗaya ba ya wuce layi 1,048,576, abin da ya haura sai a bar shi a baya. Sunaye masu ƙ da ɗ ko rubutun Larabci suna rikiɗewa zuwa alamomi in ba a adana fayil da tsarin haruffa na UTF-8 ba. Sai ma'auni: tsohon tsari yana ƙirga katan, sabon yana ƙirga guda-guda, katan 50 ya koma guda 50, darajar kaya ta rushe.

Hajiya_Odita:

Malam Rumbu ya gama da yawa. Bari in ƙara ta fuskar masu binciken kuɗi, domin mu ne muke zuwa bayan an watse mu tarar da abin da aka bari.

Kada a yarda da lodi sau ɗaya. A yi gwajin lodi aƙalla sau uku a manhajar gwaji. Na farko zai fashe, kuma amfaninsa ke nan, ya nuna inda taswirar bayanai, wato jerin inda kowane bayani na tsohon tsari zai zauna a sabo, ta karkace. Na biyu shi ma'aikata za su yi gwajinsu a kai, da bayanansu na gaskiya, ba da kwastoman bogi mai suna "Gwaji 1" ba. Na uku a yi shi tamkar ranar gaske, da agogo a hannu.

Bayan kowane lodi a daidaita, kuma "an shigar da layi 12,000 cikin nasara" ba daidaitawa ba ce. Ragowar kowane asusu a tsoho da sabo ta zo ɗaya, babu ko ɗigon bambanci. Jimillar bashin kwastomomi ɗaya bayan ɗaya ta yi daidai da asusun da ke tattara su a babbar leja, haka na masu kawo kaya. Bashin kuma ya shiga takarda-takarda da ainihin ranar kowace, domin in aka zuba shi dunƙule da ranar sauyi, rahoton shekarun bashi zai nuna kowa sabon mai bashi ne, wanda ya yi wata tara bai biya ba ya fito fes. Kayan sito a daidaita yawa da daraja, kowanne daban, a kowane sito. Kadarori su zo da kuɗin sayensu da ragin darajar da aka riga aka cire da sauran shekarunsu. In ana mu'amala da kuɗin waje, a shigar da adadin a kuɗin asali tare da canjin da aka yi amfani da shi.

Ana buɗe wani asusu na wucin gadi da ake zuba ɗaya ɓangaren kowane lodi a ciki. In an gama, dole ya koma sifili. In ya rage da wani abu kuma aka ce "za mu duba daga baya", to ku sani shekara za ta zagayo yana nan.

Wanda ya yi lodi ba shi zai tabbatar da lodin ba. Kwansaltan ya loda, akantan kamfani ya ciro rahoto da hannunsa daga tsarin biyu ya kwatanta ya sa hannu. A adana waɗannan takardu, odita zai nema.

Abu na ƙarshe, izini. Lokacin aiki ana ba kowa izini mai faɗi don a yi sauri, sai a manta a rage. Kafin a kunna a tabbatar wanda yake ƙirƙirar sabon mai kawo kaya ko sauya lambar asusun bankinsa ba shi ne mai amincewa da biya ba. Kuma bayanan albashi da na ma'aikata da ake kwafewa zuwa manhajar gwaji, a ɓoye sunaye da alƙaluman ko a taƙaita masu gani, domin ma'aikatan kwansaltan da yawa suna shiga can.

Injiniya_Saba:

Hajiya ta ambaci agogo, a nan zan tsaya. Ranar sauyi tana da jadawali nata, layi-layi: aiki, mai yi, ƙarfe nawa zai fara, minti nawa zai ɗauka, da abin da dole a gama kafin shi. Ana rufe shigar da sabbin bayanan tushe kwanaki kaɗan kafin ranar, a ƙirga kayan sito, a rufe wata a tsohon tsari, a ɗauki kwafin ajiya, a kuma gwada cewa kwafin yana dawowa, sannan a fara lodi bisa tsari: asusai, kwastomomi da masu kawo kaya, kaya, sai ragowa da abubuwan da ke buɗe. In gwaji na uku ya ɗauki awa 60 alhali hutun ƙarshen mako awa 48 ne kawai kuke da shi, kun gano matsalar tun da sauran lokaci.

A jadawalin nan a sa wani sa'i da za a tsaya a ce a ci gaba ko a koma. Sharuɗɗan a rubuta su tun makonni kafin ranar, lokacin da kowa yake cikin hayyacinsa, kuma mai yanke hukuncin shugaba ne daga cikin kamfani. Kwansaltan da biyansa ya rataya a kan kunnawa ba zai ce a fasa ba. A kuma san inda komawa take ƙarewa: da zarar an fara ciniki na gaske a sabon tsari, komawa tsohon yana nufin sake shigar da komai da hannu.

Misalai biyu da aka sani. Kamfanin alewa na Hershey a Amurka ya kunna sabon tsarinsa a tsakiyar 1999, daidai lokacin da odar bikin Halowin, wanda ake sayen alewa da yawa a cikinsa, take shigowa, kaya na sito amma an kasa fitar da su yadda ya kamata. Bankin TSB na Birtaniya ya kwashe kwastomominsa zuwa sabon tsari a Afrilun 2018, mutane da yawa suka kasa shiga asusunsu, wasu ma suka ga bayanan wasu, shugaban bankin ya sauka a shekarar, a Disambar 2022 kuma hukumomi suka ci bankin tarar sama da fam miliyan 48. Na farko darasin zaɓen lokaci ne, kada a kunna a kakar ciniki. Na biyu na gwaji ne da sa ido a kan 'yan kwangila.

Akwai masu cewa a gudanar da tsoho da sabo tare na wata uku. Ni ban goyi baya ba, sai a albashi. Albashi ana iya lissafa shi a tsarin biyu na wata biyu a kwatanta mutum-mutum, kuma ya kamata a yi. Amma a ce ma'aikacin sito ya shigar da kowace fita sau biyu, cikin mako biyu zai bar ɗaya, a ƙare da tsari biyu da babu mai gaskiya a cikinsu. In ana tsoron kunna komai rana ɗaya, gara a fara da sito ɗaya ko da lissafi da saye, amma a san kuɗinsa: sai an gina gadar wucin gadi tsakanin tsoho da sabo, wadda za a rushe daga baya.

Akanta_Mai_Tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara basira. Saura maganar yarjejeniya. Sannan shugabannin sassa sukan dage cewa sabuwar manhajar ta yi komai yadda tsohuwar take yi, har fasalin rahoto. Kwansaltan kuma yakan ce "za a iya". A biye musu?

Malama_Kwangila:

Malam Akanta, "za a iya" gaskiya ce, amma ba a gama maganar ba. Akwai saiti, akwai ɗinki. Saiti shi ne zaɓin da manhajar ta zo da shi, ka kunna ko ka kashe. Ɗinki shi ne a rubuta sabon kod, wato umarnin da manhaja take aiki da shi, don kai kaɗai. Kowane ɗinki sau uku ake biyansa: ranar da aka yi shi, ranar da aka gwada shi, da duk ranar da manhajar ta fito da sabon zubi aka dawo ana gyara shi. A manhajojin da ake haya ta intanet sabuntawar tana zuwa ne a kan jadawalin mai manhajar, ba naka ba.

Kamfanin kantuna na Lidl a Jamus ya fara aikin SAP a 2011, ya watsar a 2018, bayan kashe abin da jaridu suka ruwaito ya kai kusan Yuro miliyan 500. Cikin dalilan da aka ambata har da cewa Lidl yana lissafa kayansa a kan kuɗin saye, manhajar kuma an gina ta a kan kuɗin sayarwa, aka zaɓi lanƙwasa manhajar maimakon sauya al'adar. Haka ma kamfanonin da ke kan tsohon tsarin SAP mai suna ECC yanzu, wanda tallafinsa na yau da kullum zai ƙare a ƙarshen 2027, da ƙarin wa'adi na biya zuwa 2030: babban abin da ke jinkirta komawarsu sabon tsarin SAP, S/4HANA, shi ne ɗinkin shekaru da sai an bi ɗaya bayan ɗaya an ga wanne ke da rai.

Ƙa'ida mai sauƙi: duk mai neman ɗinki ya rubuta dalili, ko doka ce ta tilasta, ko kuwa abin ne ya bambanta kamfanin da abokan gasarsa. "Haka muka saba" ba ya cikin biyun. Rahotanni kuwa a nemi jerin waɗanda aka buɗe a wata shida da suka wuce, jerin zai ragu sosai. Kwansaltan na ƙwarai shi ne wanda zai iya ce wa manaja a'a ya kuma nuna masa hanyar da manhajar ta tanada.

Yarjejeniya. In ƙayyadajjen farashi ne, kwansaltan zai matse iyakar aikin, duk abin da ba a rubuta ba ya zama ƙarin caji. In biyan kwana-kwana ne, ba abin da ke sa shi sauri. Abin da ya fi aiki shi ne a raba biyu: a biya binciken farko daban, na 'yan makonni, a karɓi takardar tsari ta zama mallakarku ko da za ku ba wani girkawar, sannan a ƙayyade farashin ginin a kan wannan takarda.

A ɗaura biya a kan abin da aka karɓa aka sa wa hannu, kamar amincewa da tsari, lodi na biyu da ya daidaita, kammala gwajin ma'aikata, kunnawa. A riƙe kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari har sai an rufe wata na farko, ko ma na biyu, a sabon tsari, domin a rufin wata ne ɓoyayyun kurakurai suke fitowa. A rubuta sunayen mutanen da za su yi aikin, kuma ba za a canja su ba sai da yardarku, saboda an saba turo manya wajen neman kwangila a turo masu koyo wajen aiki. A fayyace yawan lodin gwaji, yawan rahotanni da haɗe-haɗe, da farashin kwana na duk ƙarin aiki. A rarraba matsaloli hawa-hawa, wadda ta tsayar da ciniki da wadda ta ɓata fasali kawai, kowacce da awannin amsawa, a kuma rubuta cewa ba a kunnawa muddin akwai ta hawan farko a buɗe.

Naku nauyin ma zai shiga takardar, kuma a nan kamfanoni suke faɗuwa. Kowane sashe zai ba da mutumin da ya fi sanin aiki, na kusan rabin lokacinsa, tsawon watanni. In aka turo wanda aka fi iya rabuwa da shi, tsarin zai fito da fahimtarsa. In kuma shawara tana kwana uku-uku a teburin shugaba, kwansaltan yana da hujjar cajin jinkiri.

Malam_Rumbu:

Ƙari kaɗan a kan na Malama, game da ranar da kwansaltan zai tafi. Lasisi da rajistar haya su kasance da sunan kamfaninku da imel ɗinku tun ranar farko, ba a ƙarƙashin asusun kwansaltan ba. Babban asusun gudanarwa yana hannun mutum biyu na cikin gida. Kod ɗin duk ɗinkin da aka yi yana ma'ajiyar da ku kuka mallaka, tare da takardar saiti da taswirar bayanai da jadawalin ayyukan da ke tashi da kansu cikin dare. Haɗin banki da sauran manhajoji kada ya rataya a kan asusun wani ma'aikacin kwansaltan, in ba haka ba ranar da aka rufe asusunsa haɗin zai mutu ba wanda ya san dalili.

Hanyar gane ko an miƙa ilimin da gaske: kafin biyan ƙarshe, mutanenku su buɗe sabon ma'aikaci da izininsa, su ƙara sito, su sauya kason haraji, su dawo da kwafin ajiya a manhajar gwaji, su rufe wata, kwansaltan yana zaune bai taɓa madannai ba. Wanda suka kasa, a sake horo a kai. Bayan nan a rufe asusun mutanensa duka, a bar guda na tallafi da ake buɗewa in an nema, mai ajiye tarihin abin da aka yi da shi.

Hajiya_Odita:

Tsohuwar manhajar ma kada a kashe ta da wuri. A mayar da ita karatu kawai daga daren sauyi, a cire wa kowa izinin shigarwa, a bar ta har odita ya gama binciken shekarar da aka yi sauyin a cikinta. Kafin a daina biyan lasisinta a duba yarjejeniyar, wasu ba sa buɗuwa ko don karatu in lasisi ya ƙare, sai a fitar da leja da rasit zuwa fayilolin PDF da CSV tun tana buɗewa.